Jawabin da Baba Iliya ya haddace

Ba zan taɓa mantawa da godiyar kaka ta bara a cocinmu na Sabon Gari ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru, don haka duk shekara Fasto yakan ba ni minti goma in faɗa wa manomanmu abin da manyan duniya suka yanke a taronsu na sauyin yanayi. Ina son wannan minti goman ƙwarai (har kwat nake sakawa, cikin wannan zafi). Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, shekara huɗu takarda ɗaya nake karantawa. Sunan garin da aka yi taron kawai nake gogewa in sa sabo, tunda sauran maganar ba ta taɓa canjawa.

Bara kuwa ruwa ya ɗauke bayan shuka, da ya dawo kuma ya kwashe gonaki. Gaban bagade, inda a da damman dawa kan tare hanya, ko rabi bai cika ba. Mama, wadda gonarta ta Basawa ke ciyar da gidanmu, mudu ɗaya na masara ta kawo a leda, tana ɓoye shi da gefen zani.

Na hau mumbari, na gyara murya. "Shugabannin duniya sun nuna matuƙar damuwa..."

"Kuma sun ƙuduri aniyar ɗaukar mataki," in ji wata murya daga baya.

Baba Iliya ne, tsohon manomi daga Hanwa, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa. Na yi kamar ban ji ba. "An kafa kwamiti..."

"Wanda zai kawo rahoto a zama na gaba!" Wannan karon har da matan zumunta, baki ɗaya kamar amshin waƙa.

Coci ya kwashe da dariya. Gumi ya jiƙa kwat ɗin. Baba Iliya ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ɗana, kada ka ji haushi. Mun haddace ne kawai. In akwai sabo, karanta mana."

Na duba takardar sama da ƙasa. Babu.

Mama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. A keke-napep, muna hanyar gida, ta ce a hankali, "Ni fa duk shekarun nan na ɗauka da gaske manyan nan suna zuwa da taimako." Wannan ya fi dariyar ciwo, domin ni na sa mata wannan rai.

Bana na ce wa Fasto ya ba mawaƙa minti gomana. Na dai koyi abu ɗaya: ni da manyan duniya sana'armu ɗaya, canja sunan gari. Bambancin kawai, su ba sa komawa gida a keke ɗaya da Mama.