Ta Rasu Tana Sake Gwadawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, Dogo mai rubuta bayanai yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Talata a kan teburin ofis, bayan gajeren zazzaɓi.

Marigayiya ba sabuwa ba ce. Yayarsa ce ta bar masa ita da ya gama sakandare, wasu haruffan sun goge, murfin kuma sai an jingina shi da bango. Amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. In ya taɓa ta da safe takan ce "fiii", ta yi tari guda, ta kama aiki. Duk abin da ya iya, a kanta ya koya.

Ga waɗanda ba su san aikinta ba: ofishinsu yana kula da wata manhaja da shafukan labarai ke jawo sababbin kanu da ita. A cikinta akwai ƙananan umarnai da ake ce wa 'yan aike. Wani yana gyara kwanan wata, wani yana datse kanun da ya yi tsawo, wani yana share tarkace daga adireshin shafi. Injiniya ne ya rubuta su, bai kuma ga dama ya yi bayanin ko ɗaya ba. Oga ya ce wa Dogo in ya rubuta bayaninsu duka kafin ƙarshen wata, za a ɗauke shi aiki na dindindin, a daina tambayarsa takardar jami'a. Shi da marigayiya suka duƙufa. Kowane ɗan aike sai sun gwada shi sun ga halinsa, sannan su rubuta.

Sun kusa gamawa suka iso kan wanda ake kira Sake-Gwadawa. Dogo ya je har teburin Injiniya ya tambaya cikin ladabi, sau nawa wannan yake gwada buɗe shafi kafin ya haƙura. Injiniya ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce sunan ya isa bayani, mai hankali ba ya buƙatar ƙari. Dogo ya haɗiye, ya koma ya ba ɗan aiken adireshin da babu shi, don ya ga abin da zai yi. Sai Oga ya aike shi karɓo kaya.

Ashe ɗan aiken ba ya haƙura. Ba ya hutawa, ba ya sakin abin da ya ɗauka, wanda ya haife shi bai koya masa tsayawa ba. Mai shara ta shaida cewa ta ji marigayiya tana "wuuu, wuuu" kamar mai kiran wani, daga baya ta koma "kat, kat", sannan ta yi shiru. Injiniya yana taku uku daga wurin, da abin sauraro a kunne. Da Dogo ya dawo, ƙauri ne ya tarbe shi a ƙofa.

Ta tafi da duk bayanan da suka rubuta. Masu cewa me ya sa bai ajiye kwafi a wani wuri ba, an ji, an gode, su riƙe ta'aziyyarsu.

Ta bar caja mai naɗe da selotef, da jaka mai hannu ɗaya, da Yaya wadda har yanzu ba a faɗa wa ba, da Dogo wanda wata ke shirin ƙare masa. Daga wayarsa ya tura bayani guda, na ɗan aiken da ya yi kisan: kada kowa ya kira shi sai ya sa masa iyaka. Injiniya ya dawo da shi. Wai ƙa'ida ce, ba a karɓar bayani sai da misalin da aka gwada.

Za a kai gawa shagon mai gyara na bayan tasha ranar Asabar da hantsi, inda za a cire abin da ya rage mai amfani a raba wa mabuƙata. Ba a son kuka, ba a son shawara. Ana gayyatar Injiniya musamman, kuma ya taho da kwamfutarsa. A kanta za a gwada misalin.