Don Eleuterio da Kifin Surukai

"Ni fa ba kama kifi nake yi ba, kiransa nake yi ya zo!"

Haka Don Eleuterio, mai askin garinmu, yake faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerarsa. Wa zai musa wa mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro? Sai mu ce, "Gaskiya ne, Don." Amma aboki, ni maƙwabcinsa ne, ban taɓa jin ƙamshin kifi daga gidansa ba sai na gwangwani.

To, wata Lahadi iyayen saurayin 'yarsa za su zo cin abincin rana karo na farko. Matarsa, Doña Clorinda, ta ce a yanka ɗan akuya a gasa.

"Akuya? Kowane gaja yana da akuya, tsohuwa! Kifin turuca za su ci, wannan ƙatuwar mai ɗigo-ɗigo da ke ƙarƙashin gada. Hura wuta kawai."

Ya bi zakaranta da gudu ya tsige masa gashin jela, ya ɗaura a ƙugiya don ya yi ƙudan bogi, irin wanda ke yawo a saman ruwa kifi ya taso ya cafke. Na mutane bai wuce ƙwayar wake ba. Nasa kuwa kamar tsintsiya.

"Babban kifi, babbar loma," in ji shi. "Taho, Nicanor, ka koyi aiki."

Na bi shi rafi da butar shayin da muke kira mate, na sami dutse na zauna.

Rafin ƙarami ne, ruwan garau, kifi na hango ka kafin ka hango shi. Ana zuwa ne da sanɗa. Sarkin surutu kuwa ya iso yana waƙa, cikin wandon roba mai kaiwa ƙirji.

Ya wulwula sandar kamun kifi ya jefa. Ƙugiya ta kama reshe.

"Gwada iska nake yi."

Ya sake jefawa, ta ɗauke masa hula ta aika da ita tsakiyar rafi.

"Don, hularka ta tafi."

"Na gani! Ƙarfin ruwa nake aunawa."

Can sai ga turucar ta taso a hankali, ta zagaya tsintsiyar nan, ta dube ta kamar mai taya kaya a kasuwa, ta juya abinta.

"Ni za ki raina?"

Ya zabura zai bi ta, santsin dutse ya kwashe shi. Wando ya cika da ruwan ƙanƙara, ya kumbura kamar salka. Ya miƙe da ƙyar yana karkarwa, ya tattara duk fushinsa ya yi wani jifan. Zare ya miƙe tsam.

"Na kama! Nicanor, na kama! Wayyo, tana ja!"

Tana ja kuwa. Ƙugiyar ta zagayo ta bayansa ta shige kunnensa na dama. Yana jan sanda, kunne na binsa.

Na yi na yi ta ƙi fita. Haka muka dawo, ni gaba riƙe da sanda, shi a baya a ƙarshen zare, ruwa na ɓulɓulowa daga wandonsa, gashin zakara na kaɗawa a gefen fuskarsa.

Muka tarar baƙi sun zauna, garwashi ya yi ja, babu komai a kai. 'Yarsa ta rufe fuska ta shige ɗaki.

Uban saurayin, Don Lisandro, mutum ne mai kunya. Bai yi dariya ba, sai gashin bakinsa da ke rawa. Ya karɓi filaya ya zare ƙugiyar a hankali, sannan ya juya wajen uwar gida.

"Doña, a gasa shi ne, ko a mayar da shi ruwa?"

Doña Clorinda ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Mayar da shi, Don Lisandro. Irin wannan duk baki ne, babu nama."