Malam Ya Ce Ruwa, Na Kai Shi Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai Malam cin abinci a jirgin ruwa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin in manta. Lokacin ina shekarata ta huɗu a Alƙahira ina karatun shari'a, muna zaune mu huɗu a wani ɗan gida a unguwar Hayyus Sabi'. Yadda nake ji da kaina a lokacin, sai ka ce da ni aka aza tubalin garin. Na iya musu da direban tasi, na iya ɗaga hannu in ce “khalas”, wato shi ke nan, kamar haifaffen Masar, duk baƙon da ya zo daga gida ni ake kira in yi masa jagora. Ban san ƙaramin sani ƙuƙumi ba ne sai da ya shaƙe ni.

Malam shi ya koyar da ni tun daga babbaƙu har na sauke, shi ne kuma ya rubuta takardar shaidar da ta sa na samu gurbin karatu a Masar. Ciwon ƙoda ne ya kawo shi. Ƙafafunsa sun kumbura har ba ya iya taku goma, sai a keken marasa lafiya. Babban ɗansa, Yaya Sanusi, shi ya rako shi, ni kuma nake musu tafinta a wani asibiti da ke can gefenmu. Ranar da likita ya ce za a yi aiki jibi, kuma ba zai ba da tabbacin komai ba, na yi ta lanƙwasa maganar ina sassauta ta. Malam ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Na ji abin da ya faɗa.” (Na manta cewa Larabcin titi ne kawai Malam ba ya ji, na littafi kuwa ni ɗalibinsa ne har gobe.)

Da muka koma masauki ya kira ni kusa da shi.

“Ɗana, kafin su kwantar da ni ina so ka kai ni in ga kogin Nilu. Tun kafin a haife ka nake karantar da ƙissar mahaifiyar Annabi Musa, yadda ta sa jaririnta a akwati ta miƙa wa kogi. Ina so in ga ruwan da idona. Shi ke nan buƙatata.”

Ka ji fa. Ruwa ya ce. Bai ce abinci ba, bai ce fitilu ba.

Abokin zamana Mahamadu, ɗan Damagaram ne mai sanyin hali, ya riga ni zuwa Masar da shekara biyu. Da na faɗa masa sai ya ce, “Wannan ai mai sauƙi ne. Gobe bayan La'asar ka ɗauki tasi, ka kai shi bakin kogi, ka tura kekensa jikin ƙarfen nan na gefen ruwa. Ya sha shayi, ya kalli ruwa har Magariba.”

Na ce, “Malam guda zan kai in ajiye a gefen titi wajen masu gasa masara? Jirgi zan kai shi. Babban jirgi mai bene, mai abinci.”

“Ka taɓa shiga irinsa?”

“Ba sai na shiga ba.”

“To ka kuwa san abin da ake yi a ciki bayan an ci...”

“Khalas, ya Mahamadu. Ni na san darajar malamina.”

Ya ƙyale ni. Da na bar shi ya ƙarasa maganar nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce, tallar jirgin na gani a waya, idona ya tsaya a kan hotunan abinci. Shekara huɗu cikina bai san komai ba sai dafaffen wake da ta'amiyya, ƙosan Misirawa. Na ga an rubuta cewa mutum zai ɗiba da kansa iya son ransa, na ga an ambaci wasan tannura irin na sufaye, ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Na je na gaya wa Malam har zikiri za a yi a kan ruwa.

Washegari Yaya Sanusi ya ba da jini saboda aikin, jiri ya kwantar da shi, don haka mu biyu muka tafi. Na ari babbar riga fara ƙal a wurin wani ɗalibi, mai faɗin da zai rufe mutum uku. Cunkoson motoci ya cinye mana sauran hasken rana, har sai da muka tsaya sallar Magariba a hanya. Ko da muka isa duhu ya shiga. Ma'aikata biyu suka ɗaga keken Malam suka bi da shi ta wata 'yar gada mai rufi da tamfol, sai ga mu a cikin wani babban zaure mai sanyi, fitilu ko'ina. Malam ya waiga ya ce, “Ina ruwan?” Na ce, “Yanzu za mu gan shi, Malam, bari mu zauna tukuna.”

Teburin da aka ba mu yana can baya, a jikin taga. Ku lura da kyau: a jikin taga. Allah ya kawo mana abin da muka zo nema har gabanmu, ni kuma na sa ƙafa na shure shi. A tarbiyyar da na tashi da ita ba a ajiye malami a baya, ko a ɗaurin aure ko a wajen suna gaba ake shimfiɗa masa buzu. Na je na sami shugaban masu hidima na karkace hula na ce masa wannan babban shehi ne daga Nijeriya, ɗalibansa ba sa ƙirguwa, bai dace a jefa shi lungu ba. Mutumin ya dube ni, ya dubi rawanin Malam, ya ce, “Gaba-gaba? Ka tabbata, ya ustaz?” Na ce na tabbata. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Tamam,” wato ba matsala. Aka cire kujera ɗaya aka cusa keken Malam a teburin farko, gwiwarsa kusan tana taɓa dandamali. Kafin jirgi ya tashi an cika bayanmu da tebura da mutane, ko kyanwa ba za ta sami hanyar wucewa ba.

Aka buɗe abinci. Malam mutum ne da ko a gidansa ba a ganin cin abincinsa, ga shi likita ya hana shi gishiri da nama. Duk na sani, amma na tafi na dawo da faranti uku: tattabara da aka cusa wa shinkafa, tsiren niƙaƙƙen nama, soyayyen kifi, taliya, da wani kayan zaƙi mai madara. Malam ya leƙa ƙaramin kwanon koriyar miya da na ajiye masa, wadda suke kira mulukhiyya, ya ce, “Wannan ai lalo ce.” Ya ɗanɗana cokali ɗaya ya ajiye, ya ɗauki carbinsa. Ni kuwa na naɗe hannun rigar aro na ce wai kada a yi almubazzaranci. (Har na koma zagaye na biyu, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce.) Ina cikin gwaguyar ƙafar tattabara na hango kwalaben giya da ake kai wa teburin da ke kusa da mu, na gyara zama na kare su da kafaɗata.

Can sai mawaƙi ya fito da makaɗansa. Ashe shugaban masu hidima ya isar da saƙona. Mawaƙin ya nuna teburinmu ya yi shela da lasifika cewa ana maraba da babban shehin Nijeriya, zaure ya ɗauki tafi. Na ji kaina ya ƙara girma. Sai mai tannura ya shigo, namiji ne sanye da wasu faffaɗan zannuwa masu launi, ya kama juyi kamar katantanwa, aka kashe wuta, ƙananan fitilu suka kama a jikin kayansa. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya matso da bakinsa kunnena ya ce, “Wannan wace ɗariƙa ce?” Na ce tasu ce ta nan ƙasar. Ya ce, “To. Ban dai ji an ambaci Allah ba.”

Daga nan kiɗa ya canja. Ganga ta yi wani irin rugugi, maza suka fara fito, sai ga mace ta fito daga bayan labule. Ba zan siffanta muku kayan jikinta ba, don babu kayan da za a siffanta. Tazarar da ke tsakaninta da rawanin Malam ba ta kai tsawon tabarma ba.

Na ture farantina. Na kama keken zan ja baya, ya daki kujerar wani Bature. Na hangi matattakalar da ke hawa saman jirgi, wajen iska, siririya ce kuma a miƙe, ko mutum huɗu ba za su hau da keke ba. Na roƙi wani ma'aikaci a sauke mu, ya yi dariya ya ce, “Ina, ya ustaz? A tsakiyar kogi muke.” Wato muna kan Nilu sosai, ruwan yana ƙarƙashin ƙafarmu, amma in ka dubi tagogi ba abin da za ka gani sai hoton zauren da mai rawar a ciki.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa wawa. Na ce bari in zama labule. Na miƙe na shiga tsakanin Malam da dandamali, na juya wa matar baya, na buɗe hannuwana biyu, babbar rigar nan ta baje. Abin da mutanen zaure suka gani shi ne, ɗan rakiyar shehin Nijeriya ya kasa haƙuri ya fito fili. Tafi ya ɓarke. Mawaƙi ya yi ihu, “Yalla, Nijeriya!” Makaɗi ya matso yana buga mini ganga a gefen kunne. Duk inda matar ta gusa sai in gusa don in kare, su kuma suna ganin taku nake yi, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka ta. Maiƙon tattabara a gaban farar riga, gumi yana zuba, ina cewa “A'a, a'a,” suna amsawa da tafi.

Ta cikin duk hayaniyar nan na ji muryar Malam, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi mana a zaure in mun yi ɓarna.

“Zauna.”

Na zauna. Ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, yana jan carbi. Al'adar jirgin ce mai rawa ta bi tebur-tebur da mai hoto a bayanta, kuma namu ne na farko. Ta tsaya a bayan keken Malam, hasken hoto ya walƙa. Sai a lokacin ta dubi fuskarsa da kumburarrun ƙafafunsa. Ta ja ɗan mayafin da ke hannunta ta rufe ƙirjinta ta ce, “Ma'alish, ya Hajj,” wato yi haƙuri Alhaji, ta wuce da sauri. A duk zauren nan ita ce ta fi ni sanin darajar malamina.

Malam bai buɗe ido ba har jirgi ya dawo gaɓa. A bakin ƙofar fita an jera hotunan mutane a kan allo, namu a tsakiya. Na saye shi da sauri na cusa a aljihu kafin wani ɗan gida ya gani.

A cikin tasi na yi ta jiran faɗa. Wallahi da ya zage ni, ko ya tsinka mini mari, da na ji sauƙi. Sai da muka kusa masauki ya ce, “Ka ƙoshi?” Na ce, “Malam, ka yafe mini.” Ya ce, “Na yafe. Niyyarka girmamawa ce. Sai dai ban ga ruwan ba, ɗana.” Na rantse masa da zarar an sallame shi zan kai shi da rana tsaka. Ya ce Allah ya kai mu.

Da safe aka kwantar da shi. Aikin bai yi yadda ake fata ba, bayan kwanaki likitoci suka ce a mayar da shi cikin iyalinsa. Daga asibiti motar marasa lafiya ta wuce da shi filin jirgin sama, hanyar kuwa ba ta bi ta kogi. Bai cika wata a gida ba ya rasu.

Bayan sadakar bakwai Yaya Sanusi ya kira ni. Ya ce na san Baba ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ban da na fasfo ba su da ko ɗaya, ko na samu na ɗauke shi ranar da muka je kogi? Na ce masa zan duba. Daga baya na ɗauko hoton nan, na sa almakashi na yanke matar, na yanke kaina da rigar aro, na bar Malam shi kaɗai: kai a sunkuye, ido a rufe, carbi a hannu. Na ba wani mai tafiya gida ya kai musu.

Da na je hutu na tarar sun ƙara girmansa sun rataye a zaure. Yaya Sanusi ya nuna wa baƙi ya ce, “Kun ga Baba a kan Nilu. Da ya ga ruwan sai ya rufe ido ya shiga zikiri.” Kowa ya ce Allahu Akbar. Ni ma na faɗa. A saman kafaɗar Malam ta hagu akwai wani ɗan ƙyalƙyali na adon mai rawar da almakashina bai cire ba, wani dattijo har ya ce hasken ruwa ne.

Yanzu duk baƙon da aka haɗa ni da shi, abin da ya roƙa shi nake yi masa, ba ragi ba ƙari. In ya ce ruwa, bakin ruwa nake kai shi da rana, kusa da masu gasa masara. Kuma duk wanda ya tambaye ni “Ka tabbata?” sai na tsaya na ji dalilinsa tukuna.