A Nemo Masa Abin Kirki

Da ƙungiyar manoman garinmu ta buɗe shafin intanet, ni na bugi ƙirji na ce a bar mini sa labarai.

Bayan taron rabon iri, na fara rubutu. Don tuna wa kaina na sa a sama: "Shugaba ya yi awa biyu yana surutu, a nemo masa abin kirki." Maimakon maɓallin ajiyewa na danna na wallafawa, na tafi gona abina.

Kafin la'asar kowace majalisa ta karanta. Shugaba ya tare ni a bakin masallaci, ya ce, "Malam, an samo mini?"

Har yau, ko gaisuwa na tsawaita sai wani ya ce, "A nemo masa abin kirki."