Rasuwar Jan Takalmin Madam Folasade

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi mako guda ba su runtsa a bakin aiki ba, Malam Mansir na sashen ajiyar fayil, a madadin ma'aikatan hawa na biyu, yana sanar da rasuwar jan takalmi mai tsini na shugabar sashe, Madam Folasade. Ya rasu ranar Larabar makon jiya a kan matakala ta bakwai, bayan doguwar jinya a dunduniyar hagu.

Waɗanda suka ƙera marigayin don gidan biki suka yi shi. Madam kuwa don ya ƙara mata tsawo ta saye shi. Amma Allah ya nufe shi da aikin da ya fi wannan lada: shekara huɗu yana ceton bayin Allah. Tun daga ƙofar ƙasa ake jin sa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafin ya iso sama A'i ta tura kwanon masa da miya cikin durowa, Andrawus ya kife jarida, Malam Mansir ya ɗago kai daga tebur, ya goge yawu, ya buɗe fayil ko da a juye ne. Bai taɓa cin amanar kowa ba. Ran da Madam ta zo a fusace ma yakan ƙara sauri, don jama'a su san irin shirin da za su yi.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, murya ta koma ƙwas, taf, ƙwas, taf. Malam Mansir da kansa ya roƙi alfarmar kai shi wurin Bakari mai gyaran takalma a kasuwar Muda Lawal, ya kuma raɗa masa ya ƙara ƙusa. Madam har yaba ladabinsa ta yi.

Marigayin ya bar ƙafar dama, da kwalinsa, da marayu tara. Ya kuma bar magaji, wani shafaffen takalmin roba da likita ya sa Madam ta koma sakawa saboda gwiwa, maras tarbiyya, mai faɗo wa mutane ba sallama. A dalilinsa Malam Mansir ya riga ya karɓi takardar gargaɗi biyu, ta uku kuwa ta kora ce. Tsoro yake ji, kuma ba ya ɓoyewa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an tashi aiki, a gindin dalbejiyar da ke bayan ofis. Babu zaman makoki, don yanzu ba mai iya sakin jiki ya zauna. Malam Mansir zai karɓi gaisuwa a teburinsa, fuskarsa na kallon ƙofa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, su fara tari tun daga matakala.