Haƙori a Saman Kwano

Wani ne a unguwar Lokuwa, shekarar nan da aka hana acaɓa a Mubi, kowa ya koma Keke da ƙafa. Mutumin nan bai taɓa neman abin buɗe kwalba ba, haƙori yake sawa. Rake, aya, ƙashin saniya, babu wanda ya bari. Ana saura wata biyu Kirsimeti, ga bunsuru ya ɗaure a bayan ɗaki yana kiwo, sai haƙoransa biyu na gaba suka fara girgiza.

A makon ne kuma 'yarsa Ƙauna, mai shekara shida, ta fara famfara. Sai matarsa Dorcas ta haɗa su tukunya ɗaya. Safe kunun gyaɗa, rana faten dankali, yamma kunu kuma. Yarinya ko a jikinta. Shi kuwa in ya sha kunu sai ya je ya tsaya gaban bunsuru yana ajiyar zuciya, abin tausayi.

"Baban Ƙauna, ka je wurin dokta mana," in ji Dorcas.

"Ya cire mini? Naman nan kuma da me zan ci? Da kunne?"

Ran nan Ƙauna ta gatsi gwaiba, haƙori ya zauna a ciki. Dorcas ta ce, "Maza jefa shi saman kwano. Rufe baki kuma, kar ƙadangare ya gani. In ya gani ba zai fito ba."

Yarinya ta jefa. Mako biyu, sai ga sabo fari tas yana leƙowa. Gogan naka ya durƙusa ya duba, ya sake dubawa.

"Sabo fil? Ba allura, ba dokta?"

"Ai yaro ne," in ji Dorcas.

"Ni kuma dutse ne ya haife ni?"

Bai yi wata-wata ba ya sayo rake mai kaurin taɓarya. Gatsa ɗaya, haƙori ya fita. Ya yi juyi sau uku a tsakar gida, ya wurga shi saman kwano, ya dafe baki. Tun daga ranar hannun nan bai sauka ba. Gaisuwa ta bayan hannu, waƙar coci ta bayan hannu. In ya hangi ƙadangare a katanga sai ya canza hanya, kamar ya ga surukinsa.

Wata rana ya tashi zuwa garin Uba. A shingen sojoji aka ce kowa ya sauka ya wuce a ƙafa, hannu sama. Kowa ya ɗaga biyu. Shi ya ɗaga ɗaya.

Soja ya daka tsawa. "Kai! Ɗayan fa? Me ka ɓoye a baki?"

Ga wani jangwada kwance kan buhunan yashi yana shan rana. Mutumin ya nuna shi da ido.

"Oga, kori wancan tukuna."

"Wa?"

"Mai jan kan nan."

"Ɗaga hannu, buɗe baki, ko ka wuni nan kana tsallen kwaɗo!"

Ba yadda ya iya. Ya ɗaga, ya wangale. Ƙadangare ya dube shi, ya gyaɗa kai sau uku.

"Wayyo, Oga, ka kashe ni! Ya gani! Har ya amsa!"

Dariya ta hana sojan magana, da hannu ya kore shi.

Ko Uba bai kai ba ya juyo gida. Ya ce wa Dorcas, "Wancan ya lalace, laifin soja ne. Amma saura ɗaya." Kafin ta ce wani abu ya riga ya kama gasasshiyar masara. Na biyu ma ya hau kwano.

Wannan karon ɗaki ya shige, ya toshe taga da tsumma. Kunu ma cikin bargo yake sha. Kullum da safe ya sa harshe ya lalluba, dasashi ne sumul.

Ranar Kirsimeti aka yanka bunsuru. Ƙamshin suya ya cika gida. Ƙauna na zaune bakin ƙofa tana yagar tsoka da sabon haƙorinta. Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai. Ya dafe baki ya nufi gidan Inna Aisatu, tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda duk yaran unguwa a wurinta suka koyi jifan kwano. Ya same ta tana shan kunu, bakinta babu ko ɗaya.

"Inna, wai abin nan kwana nawa yake yi kafin ya fito?"

Ta ajiye ludayi, ta yi dariya, dasashi duk a waje.

"Kayya, ɗana. Ni talatin da biyu na jefa. Tun muna tsohuwar jihar Gongola nake jira."

Ya kalle ta sama da ƙasa, ya ƙara danne bakinsa.

"To ai ke, Inna, baki buɗe kike yawo!"