Ranar da na kai ƙarar birai gaban hakimi

Ba zan taɓa mance ranar da na miƙe gaban hakimi, da littafina a hannu, na kai ƙarar birai ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam na Bakolori. An karɓe gonakinmu an ce kada kowa ya yi shuka, za a baje ƙasa a ja ruwa sannan a maido mana. Damina biyu muna jira. Ni kuwa na haura arba'in, 'ya'ya bakwai, sai ga ni ajin yaƙi da jahilci a Talata Mafara wajen Malama Rifkatu, matar wani ma'aikacin noman rani. Da yake bakina ba ya shiru, ni aka naɗa shugabar aji (ba don na fi kowa karatu ba, don kowa na tsoron in ba a ba ni ba).

Sai ku fahimci yadda muka san majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa ta kafa farin ƙyalle, mai bayani yana ta faɗa da lasifika. Aka nuna mana allurar shanu, ba a yi wata ba masu allura suka iso. Aka nuna takin zamani, taki ya iso. A saninmu duk abin da ya fito a ƙyallen nan, yana kan hanya.

Wata ranar Laraba da azahar Malama ta kai mu zauren taro na ma'aikatan dam, an toshe tagogi da barguna. Aka nuna yadda ake ban ruwan shinkafa, muka gane sarai. Da aka kira la'asar mai bayani ya fita, Malama ma ta tafi ba jaririnta nono, sauran mata suka watse. Ni na zauna, wai shugaba ba ta barin abu rabi. Mai injin ya sa wani faifan, ashe na shaƙatawar ma'aikata ne.

Jama'a, birai! Manya, tsaye kamar mutane, da riguna. Suna noma, suna tuƙa mota, wani har da tabarau yana duba takarda. Turanci suke yi, ba mai fassara. Can sai suka haɗa kai suka kori masu gonar, suka ɗaure mutane da igiya, wani ƙaton baƙi ya hau rufin gida yana jawabi. Ni da na shekara ashirin ina jifar birai a gonar masararmu ta wajen Maradun, na san halinsu ba a koya masu komai ba ma. Na zaro fensir na rubuta layi uku. Ban tambayi kowa ba. Shugaba ce ni, wa zan tambaya?

Ranar Asabar babban jami'in noman rani ya zo ƙofar hakimi. Mata suka taru suka ce in tambayar masu abu guda, yaushe za a maido gonaki. Magana ɗaya aka yarda mata su yi, kuma da ƙyar aka yarda.

Na durƙusa na yi gaisuwa har ta ƙare, na miƙe na buɗe littafi. Ranar na fara karatu a gaban maza.

"Ranka shi daɗe, mun ga abin da anka shirya muna. Na ɗaya, ba mu yarda a kawo birai su yi noman rani ba. Na biyu, in an kawo su kada a sa su makaranta. Na uku, wanga baƙin da ke jawabi, a bar shi can ƙasarsu."

Hakimi ya dubi jami'i, jami'i ya dube ni.

"Baba, waɗanne birai?"

"Kada ka maishe ni yarinya, ɗan nan. Da idona na gani a majiginku ranar Laraba. Har mai tabarau!"

Wani dogari ne ya fara, ya yi ta kokawa da dariya har ta fita ta hanci. Daga nan kowa ya ɓarke. Jami'i ya riƙe ciki, hawaye na zuba, da ƙyar ya ce, "Baba, wasa ne. Mutane ne suka sa fata, kamar 'yan tashe." Na hango Malam, maigidana, ya ja hula har kan hanci (mahauci guda, mai kada bijimi shi kaɗai, ya koma kamar kazar da ruwa ya daka). Malama Rifkatu kuwa ta ɗora hannu biyu a kai tana cewa, "Wayyo Inna, da kin tambaye ni!"

Hakimi ya share ido da bakin rawani ya ce, "To, mun ji ta mata. Zauna."

Maganar mata guda ɗaya, na kashe ta a kan birai. Na ji idanunsu a bayana kamar garwashi. Kunya ta riga ta gama da ni, babu sauran abin da zan adana, sai na ƙi zama.

"Ranka shi daɗe, tunda ba birai za a ba gonakin ba, wa za a ba? Kuma yaushe?"

Dariyar ta ɗauke. Jami'i ya shiga jujjuya takardu, ya yi tari, ya ce zai kai maganar gaba. Hakimi ya ce a rubuta, kuma a rubuta cewa mata ne suka tambaya.

Gonar ta dawo daga baya, ba duka ba. Sunan tsokanar da na samu a kan birai kuwa ya zauna daram, har jikokina da shi suke kirana in sun ga ban riƙe muciya ba.

Abin da na koya shi ne, iya rubutu bai hana mutum wauta, sai dai ya sa ya karanto ta dalla-dalla, ɗaya, biyu, uku, yadda na bayan fage ma za su ji.